KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: DARASIN TALLAFIN WUTAR RANA DA ISKA A JAMUS

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manyan ma'aikatanmu da mashawartansu a duk lokacin da aka zauna taron neman maganin matsalar wutar lantarki a ƙasar nan. Da zarar an buɗe taro da addu'a, sai wani ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce ai ƙasar Jamus ta riga ta nuna hanya, abin da ya rage mana shi ne bin sawunta: a kafa doka a tallafa wa masu samar da wuta daga hasken rana da iska, shi ke nan duhu ya yaye. Sai a yi tafi, a raba takardu, a watse. Da wuya ka ji wanda ya ɗaga hannu ya tambayi aljihun da kuɗin tallafin nan ya fito a can Jamus ɗin, balle aljihun da zai fito a nan. To, tun da su sun ƙi tambaya, mu za mu tambaya a madadin talakawa, kuma za mu ba da amsa da alƙaluman da Jamusawa da kansu suka bayyana wa duniya.

Tun da farko muna so a fahimce mu. Wannan jarida ba ta gaba da rana, ba ta kuma gaba da iska. Baiwa ce ta Ubangiji, kuma ƙasar da ta fi Jamus zafin rana nesa ba kusa ba, wauta ce ta zauna cikin duhu tana kallon wannan arziki yana wucewa kullum ta bisa kanta. Rigimarmu da tsarin biyan kuɗi ne, domin a nan ne ake yi wa talaka yankan baya.

YADDA AKA ƘULLA TSARIN

A shekarar 2000 gwamnatin Gerhard Schröder, wadda jam'iyyar SPD da jam'iyyar 'yan kare muhalli suka haɗu suka kafa, ta zartar da dokar da ake kira EEG. Dokar ta ce duk wanda ya kafa farantan sola a rufin gidansa, ko ya dasa injin iska a gonarsa, tilas ne kamfanin layin wuta ya karɓi wutarsa kafin ta kowa, ya kuma biya shi wani farashi da doka ta yanke, farashin da ba zai motsa ba har shekara 20. Mai sola a wancan lokaci an yanka masa kimanin kwabo 50 na kuɗin Yuro a kan kowane yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. A shekarar 2004 ma aka ƙara wa masu ƙananan rufi ya haura kwabo 57. Mai karatu ya sani cewa a lokacin nan wutar da ake cinikinta a kasuwar sari ba ta kai kwabo 5 ba. Wato dai an ce a sayi kaya a kan ninki goma na farashinsa, a kuma ci gaba da saye haka nan har yaron da aka haifa a ranar ya isa aure.

To wa zai cike giɓin da ke tsakanin farashin doka da farashin kasuwa? Gwamnati ba ta taɓa baitulmalinta ba. Dabarar da ta yi ita ce ta ɗora wani ƙarin kuɗi a kan kowane yunit da mai gida ya sha, a rubuta shi cikin takardar kuɗin wuta. Ta haka 'yan majalisa suka huta da muhawarar kasafi kowace shekara, ministan kuɗi ya huta da neman haraji, kuɗi kuma suna ta kwarara da kansu daga aljihun mai shan wuta zuwa aljihun mai sayar da ita.

A shekarar 2004 ministan muhalli na lokacin, Jürgen Trittin, ya kwantar wa jama'a hankali, ya ce abin da tallafin nan zai ci wa gida guda a wata bai wuce Yuro ɗaya ba, kuɗin ludayin askirim guda. Jamusawa ba su manta da askirim ɗin nan ba har yau, domin ga yadda lissafi ya kasance. A shekarar 2000 ƙarin kuɗin bai kai rabin kwabo a yunit ba. A 2010 ya kai kwabo 2.05. A 2011 ya yi tsalle zuwa 3.53. A cikin watan Yuni na shekarar nan ta 2011 shugabar gwamnati Angela Merkel ta tsaya a gaban majalisa ta ce bai kamata ya wuce inda yake ba, wato wajen kwabo uku da rabi. Shekara biyu kacal bayan wannan magana ya kai 5.28, a 2014 ya kai 6.24, a 2017 kuwa ya kai ƙololuwarsa, kwabo 6.88.

Bari mu buga lissafin a fili. Gidan da ke shan yunit 3,500 a shekara, wanda shi ne ma'aunin da suka saba yi wa matsakaicin iyali, ya biya kimanin Yuro 240 a shekarar 2017 saboda wannan ƙari kaɗai. Sa'an nan gwamnati ta bi ta ɗora harajin sayen kaya na kashi 19 cikin ɗari a kan ƙarin, wato haraji a kan haraji, jimla ta doshi Yuro 290. Ludayin askirim na minista ya zama ludayi ashirin da huɗu a wata. Farashin wutar gida gaba ɗaya kuwa, wanda yake wajen kwabo 14 a shekarar 2000, ya ninka ya kai wajen kwabo 29 a 2013, har Jamus ta shiga sahun ƙasashen da suka fi tsadar wuta a Turai. A shekarar nan ta 2013 wani ministan muhalli, Peter Altmaier, ya fito fili ya ce in ba a yi gyara ba, kuɗin wannan tafiya na iya kaiwa Yuro miliyan sau miliyan kafin ƙarshen shekarun 2030.

WA YA BIYA, WA YA KARƁA?

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan wasa ma akwai kura, akwai gardi, kuma ba wuya a gane su.

Wane ne ke iya kafa sola a rufi? Mai rufi. Wane ne ke iya dasa injin iska? Mai fili, ko mai jarin da banki zai yarda ya ba shi rance. Alhali kuwa fiye da rabin mutanen Jamus a gidajen haya suke zaune. Ɗan haya ba shi da rufi, ba shi da fili, abin da yake da shi mita ce da takardar biya. Saboda haka direban bas da ke hawa na biyar a wani gidan haya a Balin, da tsohuwa mai cin fansho, da ɗalibi, su ne suka riƙa biyan ribar shekara ashirin ga mai katafaren gida a jihar Bavariya da mai gonaki a arewacin ƙasar. Kuma ƙarin nan bai san mai shi da marar shi ba. Haraji na gaskiya yakan dubi abin da mutum ke samu, amma wannan yunit kawai yake dubawa, firjin matalauci kuwa ba ya shan wuta kaɗan don mai shi matalauci ne. A tsakiyar shekarun 2010 hukumar kula da layukan wuta ta ƙasar ta riƙa ba da rahoton cewa ana yanke wa gidaje fiye da 300,000 wuta a shekara saboda kasa biya. Wannan a ƙasar da ta fi kowace ƙarfin arziki a Turai ke nan.

Ba a nan cutar ta tsaya ba. Manyan masana'antu masu shan wuta kamar raƙumi, irin masu narka ƙarfe da alminiyam da masu haɗa sinadarai, suka je wa gwamnati da kuka, suka ce in aka sa su biyan wannan ƙari za su rufe su koma wata ƙasa. Tun daga 2003 aka fara ɗauke musu. A 2012 gwamnatin Merkel ta faɗaɗa ƙofar, yawan kamfanonin da aka sassauta wa ya tashi daga ɗari bakwai da 'yan kai zuwa kimanin 2,000 a shekarar 2014, rangwamen da suka samu kuwa ya kai wajen Yuro miliyan dubu 5 a shekara. Kada mai karatu ya zaci an yafe kuɗin ne. An kwashe su ne daga kan mai masana'anta aka jibga wa mai shagon burodi da mai ɗakin haya.

Akwai ma wani abin takaici da ya fi wannan. Da wutar rana da ta iska suka yawaita, sai farashin wuta a kasuwar sari ya faɗi, domin rana ba ta neman kuɗin mai. Manyan masana'antu da ke saye kai tsaye daga kasuwar suka sha araha. Amma da yake an yi wa mai sola alkawarin tsayayyen farashi, duk lokacin da kasuwa ta faɗi giɓin da za a cike sai ya ƙara faɗi, ƙarin da ke kan mai gida sai ya hau. Wato arahar da talaka ya saya da guminsa, attajiri ne ya ci, shi kuwa aka ƙara masa kuɗi saboda ita.

INA MASANA'ANTUN DA AKA YI ALKAWARI?

An gaya wa ma'aikatan Jamus su yi haƙuri da tsada, domin tallafin zai haifar da sabuwar masana'anta da ayyukan yi masu ɗorewa. Na ɗan lokaci kamar gaskiya. Tsakanin 2010 da 2012 an riƙa kafa sola mai ƙarfin megawat fiye da 7,000 kowace shekara. Sai dai dokar ba ta tambayi inda aka ƙera farantan ba, masana'antun ƙasar Sin kuwa suka shigo da nasu da araha. Kamfanin Solon ya durƙushe a ƙarshen 2011. Kamfanin Q-Cells, wanda a da ya taɓa zama na ɗaya a duniya, ya faɗi a 2012 har wani kamfanin Koriya ta Kudu ya saye shi. SolarWorld ya bi su a 2017. Fiye da rabin ma'aikatan wannan fanni suka rasa aikinsu cikin 'yan shekaru. A rahoton da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a 2022, Sin ce ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙera kayan sola a duniya. Ɗan haya a Balin ya biya, masana'anta ta tsiro a wata nahiya.

Haka kuma aka gina tashoshi kafin a gina hanya. Iska a arewa take, bakin teku, manyan masana'antu kuwa suna kudu. Babban layin nan mai suna SuedLink, mai tsawon kimanin kilomita 700, an so a gama shi a 2022, shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba. Sakamakon haka, ranar da iska ta yi yawa sai a umarci masu injina a arewa su tsaya, a biya su diyyar wutar da ba su bayar ba, a kuma kunna tashar gas ko ta kwal a kudu a biya ta. Wannan aikin baban giwa yana cin Yuro dubban miliyoyi a shekara, kuma a takardar mai gida yake sauka. A shekarar 2024 an yi awa fiye da 450 farashin sari yana ƙasa da sifiri, wato wuta ta yi yawa har ana biyan mutum don ya karɓa.

Daga baya hukuma ta farga. Daga 2017 aka koma ga takara, inda masu son kafa manyan tashoshi ke gasar wanda zai karɓi mafi ƙarancin farashi, nan take farashin sola ya sauko wajen kwabo 5. Ranar 1 ga Yulin 2022 kuma aka cire ƙarin daga takardar wuta, aka mayar da nauyin kan asusun gwamnati. Mun yarda wannan ya fi adalci, domin haraji yana bin ƙarfin mutum, kuma majalisa tana ganin adadin da idonta. Amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Alkawuran shekara ashirin suna nan daram, kuma a 2024 kaɗai sun ci wa gwamnati fiye da Yuro miliyan dubu 18.

AMSA GA MASU KARE TSARIN

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba ma gudunsa. Za a ce a shekarar 2000 wutar da Jamus ke samu daga rana da iska da ruwa da makamantansu wajen kashi 6 cikin ɗari ce, a 2023 kuwa ta haura rabi. Gaskiya ne. Za a ce kasuwar da Jamus ta buɗe ita ce ta sa aka riƙa ƙera farantai da yawa har farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa yau mai shago a ƙauye ke iya sayen nasa. Wannan ma gaskiya ne, mun kuma gode. Za a ce mummunar tsadar da ta auka wa Turai a 2022 gas ɗin Rasha ne ya jawo ta bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. Ba mu musa ba, kuma ba za mu ɗora wa rana laifin da ba nata ba.

Amma duk wannan bai amsa tambayarmu ba. Kyawun masallaci ba ya halatta a gina shi da kuɗin marayu. In aikin alheri ne ga ƙasa baki ɗaya, me ya sa aka ɗauke wa mai ƙarfi aka ɗora wa mai rauni? Bugu da ƙari, hujjar tasu ma a kansu take komawa. In har Jamusawa sun riga sun biya kuɗin da ya karya farashin sola, to wane dalili ne zai sa wata ƙasa ta sake yanka wa 'yan kasuwa farashin alfarma a kan kayan da ya riga ya yi araha?

Wanda kuma yake ganin za a iya kauce wa tsadar ta hanyar ɓoye ta, ya dubi ƙasar Sifen. A 2007 ta yanka wa masu sola farashi mai tsoka, a 2008 kaɗai aka kafa megawat wajen 2,600. Gwamnati ta ji tsoron ɗora wa jama'a cikakken kuɗin, sai bashi ya yi ta taruwa a harkar wuta har ya haura Yuro miliyan dubu 25 a 2013, tallafin nan kuwa yana cikin manyan dalilansa. Da wuya ta yi wuya sai ta zaftare farashin da ta yi alkawari, masu jari na ƙasashen waje suka maka ta a kotunan sasanci na duniya da ƙararraki kusan 50. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

GEMUN ƊAN'UWA YA KAMA WUTA

Kada a ce mun tafi yawon duniya mun bar gida. Wannan tsari ya riga ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. A 2015 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin tsayayyen farashi ga masu wutar rana da iska. A watan Yulin 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 a kan tashoshin sola masu ƙarfin megawat 1,125, akasarinsu a jihohin Arewa kamar Katsina da Jigawa da Bauchi da Sakkwato, a kan kwabo 11.5 na Dalar Amurka kowane yunit har shekara 20. Daga baya gwamnati ta ga farashin ya yi yawa ta nemi a sauko zuwa 7.5, aka yi ta ja-in-ja, shekaru suka shuɗe ba a ga wutar ba.

A lura da kalmar Dala. A lokacin da aka sa hannu, Dala ɗaya wajen Naira 300 ce a farashin hukuma, wato yunit ɗaya kimanin Naira 35. A 2024 Dala ta haura Naira 1,500, wato yunit ɗin nan ya wuce Naira 170 tun kafin a sa kuɗin dakon wuta da na rarrabawa. Jamus da kuɗinta ta yi alkawari, duk da haka ta ji jiki. Ina ga wanda ya yi alkawari da kuɗin da ba shi ke buga su ba? Jama'armu kuwa sun riga sun ɗanɗana, domin a watan Afrilun 2024 aka ɗaga wa 'yan rukunin A kuɗin yunit daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a dare ɗaya. Ga shi kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ma'ana ƙofofin da dillalan kwangila za su ƙwanƙwasa sun ƙaru daga ɗaya zuwa talatin da shida.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da majalisun jihohi, da ƙungiyoyin ƙwadago, da dukan magoya bayan jam'iyyarmu, su tsaya kai da fata a kan waɗannan abubuwa.

Na farko, kada wani jami'i ya zauna a ofis ya yanka wa ɗan kasuwa farashin shekara ashirin. A yi takara a bainar jama'a, mai mafi araha ya samu.

Na biyu, duk kwangilar da aka ɗaure da kuɗin waje a kai ta gaban majalisa, a buga ta a jaridu kowa ya karanta kafin a sa hannu.

Na uku, in gwamnati ta ga tallafi ya zama dole, ta rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin kasafin kuɗi, da adadinsa da ranar ƙarewarsa. Haramun ne a cusa shi cikin takardar wuta a ƙasar da miliyoyin gidaje ba su da ko mita, ana yi musu kuɗin ƙiyasi.

Na huɗu, kada a ɗauke wa wani babban kamfani nauyi a juye shi kan tela da mai walda da mai injin niƙa.

Na biyar, tallafin ya fara da wanda ba shi da wuta sam. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da lantarki. Asibitin ƙauye da ungozoma ke karɓar haihuwa da tocila, da makarantar kwana, da manomin rani da kuɗin fetur ya hana shi ban ruwa, su ne suka cancanta, kuma a biya sau ɗaya wajen kafa kayan, a wuce wurin.

Na shida, a gyara layukan dakon wuta kafin a jibga musu sababbin tashoshi, domin wanda ya sayi doki ba shi da turke, wahala ya saya.

Jamus ƙasa ce mai ƙarfi, ta yi kuskuren rabon nauyi, ta ɗauki shekara ashirin da biyu kafin ta sauke shi daga takardar mai gida, har yanzu kuma tana biya. Mu ba mu da irin wannan ƙarfi, talakanmu kuwa ba shi da sauran ramin da zai ƙara a ɗamararsa. Duk wanda ya sake miƙewa a taro ya ce mu bi sawun Jamus, a tambaye shi a gaban jama'a: wa zai zama kura, wa zai zama gardi? In ya kasa amsawa, a ce ya koma ya zauna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.